Idan Fayil Ɗin Zane Ya Ƙi Buɗewa a Kwamfuta: Dalilai da Hanyoyin Gyara

Matasa da dama a Gangara da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa sun koyi zane a wayar hannu, kuma wasunsu da shi suke samun na kashewa: katin gayyatar ɗaurin aure, kalandar biki, fostar saukar Alƙur'ani, sitikar shago. Zanen dai a waya ake yinsa, amma bugawa sai an kai wa mai kwamfuta da injin buga takardu, ko a cikin garin Sabon Birni, ko Isa, ko Sakkwato, wasu ma su tsallaka Maraɗi. A nan ake yawan samun cikas. Mai shago ya sa filash, ya danna fayil, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Ga mazaunin babban birni wannan ƙaramin abu ne, ya koma gida ya sake turowa. Ga wanda ya taso daga Gangara kuwa, ya biya kuɗin mota, ya bi hanyar da kowa ya san halin tsaronta, kuma ranar ɗaurin aure ba za a ɗaga ta don kati bai fito ba. Sabis ma ba abin dogaro ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar 'yan bindiga. Don haka ya kamata mai zane ya san abin da ke hana fayil buɗewa, ya magance shi tun yana gida, ya kuma san abin da zai yi idan yana tsaye a gaban kwamfutar mai shago.

1. A fara da sanin nau'in fayil ɗin

Kusan kowane fayil yana da wasu 'yan haruffa a ƙarshen sunansa, bayan ɗigo. Su ne wutsiyar suna, kuma su ne ke gaya wa kwamfuta manhajar da za ta kira. Waɗanda masu zane suka fi haɗuwa da su:

- .cdr na CorelDRAW ne, manhajar da shagunan buga takardu a Najeriya suka fi aiki da ita
- .psd da .psb na Photoshop ne
- .ai na Illustrator ne
- .plp na PixelLab ne, manhajar waya
- .pdf da .png da .jpg kusan kowace kwamfuta tana buɗe su
- .zip da .rar ƙunshi ne, sai an kwance kafin a ga abin da ke ciki

Windows tana ɓoye wannan wutsiya idan ba a ce ta nuna ba. A Windows 10, a buɗe kowace folda, a danna View a sama, a sa alama a kan File name extensions. A Windows 11 kuma View, sai Show, sai File name extensions. Da zarar ta bayyana, sau da yawa nan take ake gane inda matsalar take.

Akwai kuskuren da ya yaɗu: mutum ya goge .plp ya rubuta .cdr yana zaton ya sauya fayil ɗin. Sauya suna ba ya sauya abin da ke ciki, kamar yadda rubuta "shinkafa" a buhun gero ba ya mayar da shi shinkafa. Idan ana zargin an taɓa sunan, ko wutsiyar ta ɓace gaba ɗaya, akwai gwaji mai sauƙi. A yi kwafin fayil ɗin, a buɗe kwafin da Notepad, a dubi haruffan farko kawai. Idan an ga %PDF, to PDF ne. Idan 8BPS ne, na Photoshop ne. Idan an ga PNG a farkon layi, hoto ne. RIFF tare da CDR na nufin tsohon fayil ɗin CorelDRAW. PK kuma na nufin ƙunshin zip, wanda sababbin fayilolin CorelDRAW ma haka suke farawa. Sauran rubutun shirme ne ga idon mutum, a rufe ba tare da an danna Save ba.

2. Zanen PixelLab da Canva

Wannan shi ne dalilin da ya fi kama masu zane a waya. PixelLab tana da hanyoyi biyu na adanawa. Save as project yana ajiye aikin yadda za a iya komawa a gyara rubutu ko a matsar da hoto, kuma shi ne ake fitarwa da wutsiyar .plp. Save as image yana fitar da gamammen hoto. Fayil ɗin .plp a cikin PixelLab kaɗai yake buɗewa; CorelDRAW da Photoshop ba su san shi ba. Wanda ya kai wa mai shago .plp kaɗai bai kai komai ba. Abin da za a kai shi ne hoton PNG, kuma wajen fitar da shi a zaɓi girma mafi yawa da manhajar ta bayar. Domin takardar A4 ta fito tas ana son faɗi fiksel 2480 da tsawo 3508.

Canva kuma ba ta da fayil ɗin aiki da ake ɗauka a filash. Aikin yana can a intanet, cikin asusun mai shi. Tura wa mai shago adireshin zanen ba zai yi amfani ba idan ranar babu sabis. A shiga Share, sai Download, a zaɓi PDF Print, a sauke tun ana da data, sannan a buɗe shi a waya a tabbatar duk shafukan sun zo.

3. Sabon zubi da tsohon zubi

Idan fayil ɗin .cdr ne, kwamfutar kuma tana da CorelDRAW, amma ya ƙi buɗewa, abu na farko da za a tambaya shi ne zubin da aka yi aikin da shi. Kamfanin Corel na ƙasar Kanada ya fara fitar da manhajar a 1989, kuma tun daga nan yake ta sabunta ta. Ƙa'idar ita ce sabon zubi yana buɗe aikin tsoho, amma tsoho ba ya buɗe aikin sabo. Shaguna da yawa har yanzu suna kan X3 na 2006 ko X7 na 2014, saboda ba su da nauyi a kan tsofaffin kwamfutoci. Wanda ya sauko da samfurin kati daga intanet wanda aka yi da zubin 2021, tsohuwar manhaja za ta ƙi shi, wani lokaci ta buɗe shafi fari babu komai.

Maganin yana hannun wanda ke da sabon zubi. Ya buɗe aikin, ya danna File, sai Save As, a wajen da aka rubuta Version ya zaɓi lambar da ta dace da ta mai shago. Lambobin suna ɗan rikitarwa domin sunan talla daban, lambar ciki daban: X3 shi ne 13, X4 14, X5 15, X6 16, X7 17, X8 18, zubin 2017 shi ne 19, na 2018 20, na 2019 21, na 2020 22, na 2021 23. Bayan an mayar da aiki tsohon zubi sai a sake dubawa, domin wasu ƙawace-ƙawacen sabon zubi, kamar wasu nau'o'in inuwa, kan sauya kama ko su koma hoto. Wanda zai buga a Maraɗi ya sani kwamfutocin can da yawa Faransanci suke nunawa, Save As a wurinsu shi ne Enregistrer sous, amma lambobin zubi ɗaya ne.

Kira ɗaya kafin a taso, a tambayi mai shago zubin da yake amfani da shi, yana kashe wannan matsala.

4. Fayil bai gama sauka ba, ko ya lalace

A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, fayil kan tsaya a rabi amma sunansa ya bayyana a folda kamar ya kammala. Alamar farko ita ce wutsiya: .crdownload na nufin Chrome bai gama saukewa ba, .part kuma na Firefox ne. Alama ta biyu nauyi. A tambayi wanda ya turo nawa fayil ɗin yake a wurinsa, a kwatanta da wanda ya iso ta hanyar danna gefen dama na linzami a zaɓi Properties. Ɗan bambanci kaɗan ba komai, domin waya da Windows ba ƙirga ɗaya suke yi ba. Amma idan an turo MB 48 aka sami MB 11, ko aka ga 0 KB, babu manhajar da za ta gyara shi, sai an sake saukewa.

WhatsApp yana da nasa tarkon. Idan aka tura zane a matsayin hoto, yana matse shi ya rage masa fiksel, sai ya fito dishi-dishi a takarda. A tura shi a matsayin Document, ta haka yake isa yadda yake, kuma tun 2022 WhatsApp yana ɗaukar fayil har GB 2 ta wannan hanya. Idan wayar tana kusa da kwamfutar, kebul ya fi: a jona, a zaɓi File transfer a wayar, babu buƙatar data.

Ɗaukewar wuta ko mutuwar janareto a daidai lokacin da ake adana aiki ma tana lalata fayil, haka zare filash kafin kwafi ya ƙare. Idan haka ta faru da .cdr, ga matakai uku. Na farko, a duba foldar da aikin yake a nemi fayil mai suna da ya fara da Backup_of_, domin CorelDRAW tana ajiye kwafin da ya gabata duk lokacin da aka adana, matuƙar ba a kashe tsarin ba. Na biyu, a buɗe sabon shafi a jawo fayil ɗin ta Import, wato Ctrl da I, maimakon Open. Wani lokaci yakan shigo ta nan. Na uku, tun daga X4 na 2008 fayil ɗin .cdr ƙunshin zip ne a ciki, don haka manhajar 7-Zip ta kyauta tana iya gwada shi. Idan ta nuna foldojin da ke ciki, akwai sauran fata, har da ƙaramin hoton zanen da za a iya kallo. Idan ta ce ƙunshin ya yanke, a nemi wani kwafi, kada a ɓata yini.

Fayil ɗin .zip kuma a fara kwance shi da Extract All kafin a buɗe abin da ke ciki. Buɗewa daga cikin ƙunshi kai tsaye yana sa aikin ya rasa hotuna da haruffan da aka haɗo shi da su.

5. Filash mai ƙwayar cuta

Filash ɗin da ke yawo daga shago zuwa shago ba ya rasa kwasar cuta. Wadda ta fi yawa ita ce mai ɓoye fayiloli ta ajiye na bogi masu ƙaramar kibiya a jikin tambarinsu, nauyinsu KB 1 ko 2. Mutum ya danna yana zaton aikinsa ne, alhali ƙwayar ya tayar. Fayilolin asali suna nan, ɓoye su kawai aka yi.

Kada a danna mai kibiyar. A fara bincika filash ɗin da manhajar kariya, ko Windows Security da ke zuwa tare da Windows 10 da 11. Sannan a duba harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin, misali E, a buɗe Command Prompt a rubuta wannan:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

A danna Enter a ɗan jira. Fayilolin za su dawo, wani lokaci a cikin folda marar suna. A kwashe su zuwa kwamfuta mai tsabta, sannan a wanke filash ɗin da Format. Abin lura kuma, filash ɗin da ke kan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai GB 4, ko da akwai fili. Sai an mayar da shi exFAT.

6. Ya buɗe, amma ya rikice

Wani lokaci fayil yana buɗewa sai a ga rubutu ya sauya salo, layuka sun hau juna, ko ƙananan akwatuna sun maye gurbin wasu haruffa. Dalili shi ne salon haruffan da aka yi aikin da shi babu shi a wannan kwamfuta, sai manhaja ta ɗauko wani ta sa. Masu rubuta Hausa sun fi shan wannan wahala, domin salon haruffa masu ado da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. "Ɗaurin aure" sai ya fito da akwati a farko, ko harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa. Rubutun Larabci da ajami kuma kan warwatse, haruffa su rabu ko su juya baya, idan manhajar ba ta iya rubutun dama zuwa hagu ba. A kan takardar shaidar saukar Alƙur'ani wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

Rigakafin shi ne mayar da rubutu zane kafin a fitar da aiki. A CorelDRAW a zaɓi rubutun a danna Ctrl da Q. A Illustrator, Ctrl da Shift da O. Daga nan kowace kwamfuta za ta nuna shi yadda yake. Sai dai rubutun da aka mayar zane ba ya gyaruwa, don haka a ajiye kwafi biyu, ɗaya na gyara ɗaya na bugawa. Idan ana tsammanin za a sauya rana ko suna a shago, a haɗa fayilolin salon haruffan, masu wutsiyar .ttf ko .otf, a folda ɗaya da aikin, mai shago ya girka su.

Hotuna ma kan ɓace. Illustrator yakan nuna wa aikin inda hoto yake maimakon ya haɗiye shi, sai a ɗauki .ai a bar hoton a gida. A yi Embed, ko a kwashi foldar duka. Akwai kuma hotunan da tsofaffin manhajoji ba su sani ba: .heic na iPhone, wanda Apple ya fara amfani da shi a 2017, da .webp da ake yawan samu idan an sauke hoto daga intanet. Photoshop kansa sai a 2022 ya fara buɗe .webp ba tare da ƙarin wata manhaja ba. A mayar da su JPG ko PNG tun a waya.

7. Aikin ya fi ƙarfin kwamfutar

Idan manhaja ta fara buɗe fayil sai ta sandare ko ta rufe kanta, mai yiwuwa nauyi ne. Misali fileks mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 4. Idan aka yi shi da ɗigo 300 a kowane inci, kamar yadda ake yi wa kati, zai zama fiksel 36,000 da 14,400, kusan GB 2 a ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin a ƙara komai a kai. Ya ma wuce iyakar .psd, wadda ita ce fiksel 30,000 a kowane gefe da nauyin GB 2, abin da ya wuce haka sai .psb. Fileks daga nesa ake kallonsa, ɗigo 100 ya isa. Hakan zai ba da fiksel 12,000 da 4,800, wato kashi ɗaya cikin tara na wancan nauyin.

A gaban kwamfuta, a rufe burauza da sauran manhajoji, a kwafo fayil ɗin daga filash zuwa cikin kwamfutar kafin a buɗe. Idan Photoshop ya ce scratch disks are full, wurin ajiyar kwamfutar ne ya cika, a share tarkace a sama masa fili. Idan CorelDRAW ce ke rufewa da kowane fayil, ba wannan kaɗai ba, a riƙe F8 yayin da take tashi, za ta tambaya ko a mayar da ita tsarinta na asali. Manhajar da aka fasa ta sata ita ma tana yawan yin haka, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa.

8. Idan babu manhajar kwata-kwata

Akwai na kyauta da ke fitar da mutum kunya. Inkscape da LibreOffice Draw suna buɗe .cdr da yawa, GIMP yana buɗe .psd, kuma duk ukun ba sa buƙatar intanet bayan an girka su. Photopea, wadda Ivan Kutskir ya ƙirƙira, tana aiki a cikin burauza ko a waya, tana buɗe .psd da .ai da .cdr da wasu, sannan a fitar da aikin a PDF ko PNG. Ba kowane ado ne ke fitowa daidai a waɗannan ba, sai an kwatanta da na asali. Fayil ɗin .ai kuma, idan an adana shi da zaɓin Create PDF Compatible File, ana iya sauya wa kwafinsa wutsiya zuwa .pdf ya buɗe. Wannan ne wurin da sauya suna ke aiki, domin akwai PDF a cikinsa tun asali.

Masu koyon tsara fuskar manhajar waya da salon Material Design, wanda Google ya fito da shi a 2014, kan haɗu da .fig da .sketch. Danna su sau biyu a Windows ba ya buɗe su. Manhajar Sketch ta kwamfutar Mac ce, amma Figma tana karɓar duka biyun ta Import a burauza. Masu zanen 3D kuma kan sauko da .sbsar, fayil ɗin fatar abu kamar katako ko yadi ko bulo, na manhajojin Substance da Adobe ya saya a 2019. Shi ba hoto ba ne, sai Substance Player ko wata manhajar 3D da ta san shi.

9. Kafin a hau mota

- A kira mai shago a ji manhajarsa da zubinta, da girman takardar da zai buga.
- A fitar da aikin iri uku: na gyara, PDF, da PNG mai girma. Idan ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi.
- A mayar da rubutu zane a kwafin bugawa, a karanta sunaye da rana da wuri sau biyu.
- A sa salon haruffa da hotuna a folda ɗaya da aikin.
- A ba fayil gajeren suna da haruffan boko na yau da kullum da lambobi, domin tsofaffin manhajoji kan yi tuntuɓe da suna mai haruffa na musamman.
- A ajiye kwafi a waya, kwafi a filash ko mimori, a tafi da kebul da caji.
- Idan akwai sabis, a tura PDF ɗin ta WhatsApp a matsayin Document tun daren jiya, a roƙi mai shago ya buɗe ya ɗauko hoton fuskar kwamfutarsa ya turo.

Idan hoton ya zo kuma komai ya zauna daidai, mai shago na iya bugawa tun kafin a iso. Wani lokaci ma ba sai mai zane ya yi tafiyar ba, a biya ta waya, a ba direban da aka sani ya taho da katunan.